Rasuwar Dattijo, Kibod Ɗin Baba Akawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma yatsu goma da suka wayi gari ba su san inda za su sauka ba, iyalan Baba Akawu suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar kibod ɗin gidansu, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya kwanta ciwo a kan teburinsa na falo lokacin da ake ɗora wa kwamfutar gidan sabuwar manhaja, ya cika a ranar, bayan gajeriyar rashin lafiya da jinya mai tsanani. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun ce jinyar ta fi ciwon ƙarfi.

Iyalan suna roƙon jama'a su karanta sanarwar nan har ƙarshe kafin su fara tambayar wa ya kashe shi. Ba wanda ake zargi. Musamman ba a zargin Auta, ƙaramar 'yar gidan, wadda ita ce ta shigo da filashin da manhajar ke ciki, kuma tun daga ranar ko an ce mata sannu sai ta ce ba da gangan ba ne.

Ba a san ranar haihuwar marigayin ba, don takardar da ke manne a cikinsa ta kankare tun kafin a yaye Auta. Abin da aka tabbatar shi ne ya kama aiki a ofishin da Baba ya yi akawu, a shekarar da aka kwashe tafiretoci aka jera kwamfutoci. An ce da farko Baba gaba ya yi da shi, ko kallonsa ba ya yi. Ranar da dole ta sa ya ɗora masa yatsa, ya ji ya ce ƙwas, sai ya gyara zama. Ya gaya wa abokan aikinsa cewa wannan yana da tarbiyya, idan an yi masa magana yana amsawa. Daga nan ba su sake rabuwa ba. Da lokacin ritaya ya zo, sauran tsofaffin ma'aikata aka ba su agogon bango, Baba ya ce shi a bar masa kibod ɗinsa. Ofishin dama zubar da shi za a yi, amma sai da aka yi jawabi kafin a miƙa masa. A kan cinyarsa ya kawo shi gida, ya hana kwandasta ya jefa shi cikin but tare da buhunan mutane.

Marigayin fari ne a ƙuruciyarsa, shekaru suka mayar da shi ruwan shayi mai madara. Yana da jiki, ba irin na yanzu da iskar fanka ke turewa ba. Wayarsa mai kauri ce, bakinta zagaye irin na da, ba ta shiga kwamfutar zamani sai da 'yar adafta, kamar tsohon da ba ya hawa matakala sai da sanda. A kusurwarsa ta dama akwai 'yar wuta koriya wadda Mama ke kira idonsa. Idan ta zo share falo, takan gyara ɗankwalinta kafin ta wuce ta gabansa.

Babban abin da aka san shi da shi shi ne ba shi da harafi. Yatsun Baba sun cinye su duka, maɓallan suka koma sumul kamar duwatsun bakin rafi. Q kaɗai ya tsira da fuskarsa, don a duk tsawon rayuwar marigayin ba a cika neman Q ba. Saboda haka a duk faɗin unguwar mutum ɗaya ne ke iya magana da Dattijo. Yaya, babban ɗan gidan, ya taɓa gwadawa a ɓoye, ya nemi ya rubuta sunansa, kwamfutar ta mutu.

Kowa yana da waya a hannu, gaskiya ne. Amma duk abin da ake so ya fito a takarda a sa masa hannu, na neman aiki ne, na haya ne, na ƙorafi ne, to gaban Dattijo ake kawo shi. Mai buƙata zai zauna a bencin da ke hagu da tebur ya faɗi abin da ke ransa. Baba ba ya kallon yatsunsa, ba ya kallon allo, fuskar mai maganar yake kallo. Dattijo kuwa yana ta amsawa: ƙwas-ƙwas-ƙwas, tas, ƙwas-ƙwas. In an kai ƙarshen sakin layi, Baba ya ɗaga ɗan yatsansa na dama ya sauke a kan babban maɓalli: ƙam. Maƙwabta da wannan sautin suke sanin Baba ya tashi lafiya. Mai shagon da ke jikin katanga ya ce ranar da bai ji ƙam ba har hantsi, shayinsa ba ya yi masa daɗi. In firinta ta tofo takardar, Baba ya zaro biro ya bi haruffa masu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya ya lanƙwasa musu kai da hannu, don marigayin, duk iliminsa, bai taɓa koyon wannan ba.

Iyalan suna shaida cewa Dattijo bai taɓa rubuta zagi ba. An sha faɗa masa, bai taɓa rubutawa ba. Goggo ta taɓa zama a bencin nan ta zazzage wa maƙwabcinta albarka kan akuyarsa da ta cinye mata shanya, ta tabo har kakanninsa. Takardar da ta fito ta fara da gaisuwa mai yawa, ta yaba lafiyar akuyar, ta ƙare da shawarar a sayi igiya. Maƙwabcin ya zo da kansa ya ba da haƙuri, Goggo har yau tana alfaharin cewa kalamanta ne suka girgiza shi. Yaya kuma, duk ranar da shugabansa na wurin aiki ya ɓata masa rai, yakan dawo yana huci ya ce yau sai takardar ajiye aiki. Ya faɗi maganganu masu zafi, Baba ya kalli fuskarsa yana gyaɗa kai, Dattijo ya yi ta ƙwas-ƙwas. Wata rana takardar ta fito ta neman hutu. Wata rana ta godiya. Ta godiyar nan ce ta sa aka ƙara masa matsayi, kuma har yanzu bai yafe ba.

Akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba sai Auta, wadda kullum tana lungun kujera da littafi a fuska, ana mantawa tana wurin. Tun da Baba ya yi ritaya, kowace safiya sai ya goge kaya, ya kafa hula, ya taka daga ɗaki zuwa falo kamar mai zuwa ofis. Ya cire ƙyallen da Mama ta ɗinka wa Dattijo, ya ninke, ya zauna. A wannan lokacin ba a aikensa, ba a tambayarsa cefane. Ranar da benci ya cika, Baba har waƙa yake yi a banɗaki. Ranar da ba wanda ya zo, kafaɗunsa sukan sauka, ya tashi yana zagaya gida yana murɗa ƙwan fitilar da lafiyarsa lau. A irin wannan ranar Auta takan lallaɓo da aikin makarantar da za ta iya rubutawa da hannu, ta ce wai malaminsu ya ce sai bugagge. Ba ta iya ƙarya ba, kunnuwanta zafi suke ɗauka. Baba bai taɓa nuna ya gane ba.

Ciwon ajalin marigayin ya samo asali ne daga makarantar gaba da Auta ta samu shiga, inda ba a karɓar aiki sai ta shafin intanet. Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gidan kuwa ta tsufa har shafukan duniya sun daina amsa mata sallama. Ba makawa sai an sauke ta an ɗora sabuwa. Auta ta karanta duk abin da aka taɓa rubutawa kan wannan aiki, har da sharhin mutanen da ke zagin juna a ƙarƙashin bidiyo. Ta kwafe takardun Baba ta adana. Ta yi ta zagaya teburinsa tana fara magana da wai dama tana fasawa, har ya gaji ya ce ta faɗi ko ta zauna a benci ya bugo mata. Da ya ji, ya amince da sharaɗi guda: ba za a taɓa Dattijo ba. Ta yi alkawari.

Ranar hutu ce, da hantsi. Gidan duka ya taru a bayanta, abin da ya sa ta soka filashin a juye. Allo ya kawo doguwar yarjejeniya yana neman amincewa. Baba ya ce shi bai taɓa sa hannu a abin da bai karanta ba, aka jira shi ya karanta har ƙasa, ya ce wanda ya rubuta ba shi da ladabi amma ba komai. Sannan ya ɗaga ɗan yatsansa ya sauke. Ƙam.

Wannan ita ce maganar ƙarshe da aka ji daga marigayin har ta isa inda aka aike ta. Da kansa ya amince.

Kwamfutar ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi, wasu ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaya juna. Can sai allo ya yi haske ya buɗe wani farin akwati, ya ce a rubuta sunan mai kwamfutar. Baba ya ce a ba shi wuri. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora yatsu, ya ɗaga kai yana kallon taga tunda ba fuskar da zai kalla. Ya buga sunansa, da na mahaifinsa, da na kakansa, da muƙamin da ya yi ritaya a kai. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, tas, ƙwas-ƙwas. A cikin farin akwatin kuwa ba komai sai ɗan tsinken nan yana ƙiftawa shi kaɗai. Mama ta zunguri Yaya. Yaya ya zunguri Auta. Auta ta waiga, ba kowa a bayanta da za ta zungura.

"Baba," ta ce, "bai fito ba."

"Me bai fito ba?"

"Sunan. Da na Kaka. Komai ma."

Baba ya ce tunda yake bai taɓa buga abu ya ƙi fitowa ba, sai dai in allon ne ya makance. Ya sake bugawa da ƙarfi. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne muryar Dattijo tana nan garau, kamar tsohon da ke ta rafka sallama a ƙofar gidan da aka tashi. Auta ce ta fara lura koren idonsa ya mutu.

Iyalan suna son jama'a su sani cewa ba a yi sakaci ba. Auta ta zare wayar ta mayar. Ta zare adafta ta hura mata iska, Mama ma ta karɓa ta hura nata. Ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta gwada kafofin baya, ta fito da yanar gizo-gizo a gira ta gwada na gaba. Ta zare maus ta ba Dattijo kafarsa, ko hassada ce. Ta kashe kwamfutar ta kunna, ta kashe ta cire daga wuta ta jira ta huce. Ta duba waya, masana suka ce abin mai sauƙi ne, akwai wani ɗaki a can cikin kwamfuta da ake shiga a kunna wa tsofaffin kibod hanya, kuma ana shiga ɗakin ne ta danna wani maɓalli a kibod. Ta karanta wannan shawarar a fili. Yaya ya yi dariya shi kaɗai, ya ga fuskar Baba, ya mayar da ita tari.

Can a wata kusurwar allo Auta ta hango wata 'yar alama, ta taɓa ta da maus. Sai ga hoton kibod ya bayyana a jikin allon, sabo fil, da haruffansa cif, wanda ake dannawa da maus ba sai da yatsu ba. Baba ya dube shi, ya dubi Dattijo da ke kwance, ya tambaya a hankali ko wannan kuma baƙon waye. Auta ta rufe shi da sauri kamar wadda aka kama tana gwada takalmin mara lafiya. Baba ya miƙe ya ce bari ya je aski. Jiya-jiya aka yi masa aski, amma ba wanda ya tuna masa.

Da ya fita, Auta ta zare Dattijo ta kwantar da shi a doguwar kujera ta lulluɓa masa ƙyallensa ya huta. Ta sake buɗe baƙon, ta duƙufa tana tsintar haruffa da maus ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba ta ji sallamar Kawu ba.

Kawu ƙanin Mama ne, bakanike ne, kuma a iliminsa duk abin da ya ƙi tashi a duniya datti ne ya toshe shi. Mama kuwa ta shekara da shekaru tana jiran ranar da za ta wanke kibod ɗin nan, don Baba ko jiƙaƙƙen tsumma ba ya bari a kai masa. 'Yan'uwan biyu suka dubi juna, suka dubi abin da ke lulluɓe, suka fita da shi tsakar gida. Kawu ya kifa shi ya bubbuga masa baya. Abin da ya zubo ya haɗa da ɓawon gyaɗa, allura, ƙusoshin maƙala takarda, da wani ɗan kunne da Mama ta yi shekaru tana zargin Goggo a kansa. Wannan ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Kawu ya zaro sukundireba ya ɓamɓare maɓallan kaf ya zuba a bahon ruwan sabulu. Ya hura gangar jikin da famfon taya, ya fesa mata man da ake fesa wa ƙusoshi masu tsatsa. Mama ta ce warin man ya yi yawa, aka tara a bakin famfo aka ɗauraye. Auta tana jin ƙarar ruwa daga falo, ta ɗauka wanke-wanke ake yi.

A daidai lokacin aikinta ya kammala. Sabuwar manhajar ta yi maraba, ta ce a ɗan dakata tana sanin 'yan gida. Sifika ta yi ƙara. Firinta ta farka ta yi tari ta tofo takardar da ba wanda ya aike ta. Auta ta duba waya, ta ga an rubuta cewa tsofaffin kibod masu adafta sukan yi shiru ana tsakiyar aikin, amma da yawansu suna dawowa da kansu da zarar an gama. Ta juya da murna, ta ga ƙyalle a kujera ba kowa a ƙarƙashinsa. Ta fita da gudu. Mama na cuɗa maɓallai a baho, Kawu ya rataye gangar jikin a igiyar shanya da wayarsa, ruwa na ɗiga.

"Kawu," ta ce, "suma fa ya yi."

"To ai shi ya sa muka yayyafa masa ruwa," in ji Kawu.

Aka shanya shi a rana, aka kunna masa fanka. Da aka zo mayar da maɓallai sai aka tsaya cirko-cirko, don duk kamarsu ɗaya, Q kaɗai aka gane. Ana cikin haka Baba ya dawo, kansa na ƙyalli fiye da yadda ya fita. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna gaban bahon, ya tsoma hannu ya ɗauko ɗaya ya shafa da babban yatsa, ya ce wannan A ne, ga ramin ɗan yatsansa nan. Ya ɗauko wani ya ce N ne, yana da ɗan karkace tun wata shekara da aka yi ta buga takardun ƙarin girma. Haka ya bi su duka, yana kiran kowa da sunansa yana mayar da shi ɗakinsa. Da ya gama ya ɗauke shi da hannu biyu ya kai falo, ya ce wa Auta ta soka.

Ta soka. Koren idon ya buɗe. Mama ta dafe ƙirji. Ya ƙifta sau ɗaya, kamar mai neman ya ga ko kowa na nan, sannan ya rufe, wani siririn ƙauri ya tashi. Baba ya ɗauko ƙyallen ya rufe shi har kusurwa.

Marigayin ya rasu ya bar ƙaninsa maus, wanda tun ranar yake yawo a kan tebur ba alƙibla. Ya bar allo, abokin zamansa, wanda ya yi shekaru yana nuna wa duniya maganarsa bai taɓa ƙara ko ɗigo ba. Ya bar tagwayen sifiku, ɗaya kurma. Ya bar 'yar adaftarsa, wadda yanzu ba ta da wanda za ta yi wa jagora. Ya kuma bar firinta, wadda ta fi shekara goma tana jinya, kullum takarda a maƙogwaro, kowa ya ɗauka ita za ta riga shi, ga ta nan daram tana cin tawada.

Washegari Baba bai goge kaya ba. Ya fito falo da rigar barci, ya tambayi Mama ko akwai aiken da zai je mata. Mama ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba. Masu zuwa benci ya riƙa tura su shagon buga takardu na bakin titi, yana yi musu kwatance dalla-dalla. Kafin azahar ya murɗa kowane ƙwan fitila da ke gidan. Auta tana lungunta, littafi a fuska, shafi ɗaya take kallo.

Kawu ne ya kawo magaji, don kunya ta hana shi barci. Ya samo shi wurin wani mai sayar da kayan hannu da ake shigowa da su daga waje: baƙi, siriri, mai walƙiya kala-kala kamar motar biki, kuma ko an danna shi ba ya cewa uffan. Haruffansa kuwa farare tas, kowa na gani. Baba ya dube shi daga nesa ya ce abin da ba ya amsa magana ba ya buƙatarsa. Yaya ya yi ta'aziyya da fuskar kirki, amma an ga ƙafarsa tana rawa. A ransa yau ce ranar da zai ajiye aiki da bakinsa, ba mai tace masa.

Ya zauna ya miƙe yatsu biyu kamar mai tsokanar kunama, yana neman harafi yana dannawa. Da ya ɗaga kai, a allo maimakon "Bayan gaisuwa" an rubuta "Bqyqn gqisuzq". Ya goge ya sake, haka. Duk inda ya danna A sai Q ya fito, kamar Q ya samu ranar rama shekarun da aka yi ba a kula shi. Mama ta ce ya matsa, ta nemi ta rubuta Mama, abin da ya fito ko harafin farko babu, sai ɗigo-ɗigo da waƙafi, ta ce wannan zagi ne. Kawu ya matso ya ce datti ne. Aka raka shi har ƙofar gida.

Auta kallo ɗaya ta yi ta gane, don ta karanta wannan ma. A wasu ƙasashe jerin haruffan kibod daban yake, magajin daga can ya fito. Kwamfutar kuwa da jerin Dattijo take saurare, don shi Auta ta zaɓa mata. Duk wanda ya bi abin da aka zana a kan maɓallan zai ɓata. Gyaran ba wuya, yana nan a kusurwar allo, ɗan taɓi ne da maus. Ta ɗora hannu a kan maus ɗin.

Baba ne ya riga ta. Ya daɗe a bakin ƙofa yana kallon yadda Yaya ke caccakar maɓallai da yatsu biyu, abin yana ci masa rai, har ya kasa daurewa.

"Tashi," ya ce. "Koma benci. Faɗi."

Yaya ya koma benci ya fara zazzaga. Baba ya ɗora yatsu goma a inda suka saba kwana, ya kafe fuskar Yaya da ido, bai ko dubi abin da aka zana a maɓallan ba. Kalmomi suka riƙa zubowa a allo tsaf, ba Q ko ɗaya. Auta ta ga kafaɗun Baba suna tashi a hankali a cikin rigar barci. Firinta ta yi tari ta tofo takardar. Ta neman a sa fanka a ofishin su Yaya ce, cikin girmamawa.

Yaya ya karanta, ya runtse ido, ya juyo wurin Auta. Ya ce ita da ta karance duniya, ba yadda za a yi a daidaita abin nan kowa ya iya bugawa da kansa? Kunnuwan Auta suka ɗauki zafi. Ta dubi kusurwar allo, ta dubi Baba da ke laluben biro zai lanƙwasa wa haruffa kai. Ta janye hannunta daga kan maus ta ɓoye shi a bayanta.

"Sai na bincika, Yaya," ta ce.

Iyalan suna sanar da cewa har yanzu tana binciken, kuma suna roƙon a yi mata haƙuri, kada a matsa mata, abin yana da zurfi.

Game da jana'iza, za a kai marigayin makwancinsa gobe da hantsi a saman wadirob ɗin ɗakin Baba, cikin kwalin takalmi mai tsawo, kusa da tsohuwar rediyo da dutsen gugan da suka riga shi. Ba za a yi masa wanka ba, an riga an yi fiye da kima. An roƙi Kawu ya halarta hannunsa a aljihu. Za a binne shi da maɓallansa duka ban da babban, wanda Baba ya riƙe, yana ƙwanƙwasa shi a kan tebur a ƙarshen kowane sakin layi tunda magajin ba ya magana. Maƙwabtan da suka ji ƙam da safiyar yau kada su tsorata, ba fatalwa ba ce. Ƙyallen marigayin ya faɗa rabon Auta. Da shi Baba ke rufe mata hannuwa kowace yamma yana koya mata bugu ba tare da kallo ba, don ya ce ba zai zuba ido 'yarsa ta tafi makarantar gaba da yatsu biyu ba.

Za a yi zaman makoki a falo, daga safe zuwa azahar, a lokutan aiki. Mata su shiga wurin Mama, maza su zauna a benci bisa layi. Duk mai son miƙa ta'aziyyarsa a rubuce, kada ya wahalar da kansa, ya zo da bakinsa kawai. Baba ya goge kaya, ya kafa hula, shi zai buga masa. Iyalan ba su yi alkawarin abin da mutum ya faɗa shi zai fito ba.